Kogin Isa a watan Afrilu: wa zai ce wa samari su zauna?

Wata Lahadi ce cikin Afrilu, rana ta fara sanyi, muka shiga jirgi mai inji a kogin Isa, wato Kwara, daga wajen Gudel, unguwar bakin kogi a Yamai, mu kamar ashirin, za mu ɗan haura mu sha iska mu dawo kafin magariba. Da mata da yara a ciki, da wasu samari biyar waɗanda kana gani ka san ƴan fada guda ne, wato majalisar samari ta hira da shan shayi, da akwatin kiɗansu da butar shayi. Ba mu yi nisa ba ɗayansu ya miƙe ya hau katakon zama, yana karkata dama yana karkata hagu, abokinsa na ɗaukarsa da salula. Ƴan mata suka saki ihu, shi kuwa ihun yake nema. Na biyu ya tashi ya taya shi. Ina kallo ruwa ya fara leƙowa ta bakin jirgi. Wata uwa kusa da ni ta ƙanƙame ɗanta tana salati.

Mai jirgin dattijo ne, Basarke, wato ɗan Sarkawa masu sana'ar ruwa. Bai ɗaga murya ba, inji ya kashe. Da ƙara ta ɗauke ya ce, "Ƴaƴana, ku zauna." Mai rawar ya ce, "Haba Baba, ai kuɗinmu muka biya." Dattijo ya ce, "Kuɗin zama kuka biya. Mai son tsayuwa, ga ƙasa can, in kai shi." Suka yi dariya, ba su zauna ba. Sai ya ɗauki gora ya juya kan jirgi, ya kai mu gaɓa, ya ƙirga kuɗinsu ya miƙa musu, ya ce su sauka. Uwar nan ta ce, "Allah ya saka da alheri, Baba."

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da na gani bayan mun sake tashi. Ko minti goma ba a yi ba, sai ga samarin nan biyar sun wuce mu cikin wani jirgi, duk a tsaye, suna ɗaga mana hannu. Wani matashin mai jirgi ne ya ɗauke su, shi ma abincin gidansa yake nema. Dattijo ya yi asarar kuɗin mutum biyar, su ba su yi asarar komai ba. Tun ranar nake juya maganar nan, kuma ga inda na tsaya: matsalar bakin kogi a Yamai ta wuce rashin kunyar yara. Dubban mutane ne ke taruwa a kan abin da ke kisa cikin minti kaɗan, kuma wanda ya san ruwan, in ya yi magana, babu mai tsaya masa.

Wanda bai yi bazara a Yamai ba zai ce ai sai su zauna gida. Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 kusan kullum, wata rana ya doshi 45. Ɗakin kwano ya zama tanda, wuta ta ɗauke, pampo ya yi shiru. Wuraren iyo na otal-otal na masu hali ne. Garin da ke da mutum kimanin 30,000 lokacin samun ƴancin kai a 1960 ya haura miliyan 1 a ƙidayar 2012, akasari yara da matasa. Wurin shan iskar da ba a biyan ko dala shi ne kogi. Shi ya sa daga Gudel da Yantala har Gamkale da Saga, da can ƙetare Harobanda, da rairayin Pilil na kan hanyar Say, ranar Asabar da Lahadi ko washegarin salla sai ka rantse kasuwa ce ke ci.

To amma mu Hausawan Yamai akwai gaskiyar da ya kamata mu gaya wa kanmu. Yawancinmu ba ƴaƴan kogi ba ne. Daga Adar muka zo, daga Maraɗi, daga Damagaram, daga Dogon Dutsi. Wanda ya iya iyo cikinmu a tabki ya koya, Babaye na Tawa ko Tabalak ko Madarunfa, ko kududdufin bayan gari da damina. Tabki a tsaye yake. In ka gaji ka kwanta bisa ruwa, inda ka kwanta nan za ka tashi. Kogi tafiya yake, tun daga tsaunukan Gini har teku a Najeriya, kilomita kusan 4,200, kuma ba ya jiran wanda ya gaji. Gwanin tabki kan shiga Isa da ƙarfin zuciya, ya nufi tsibiri a miƙe, ruwa ya riƙa zare shi gefe, shi kuma ya juya yana kokawa da ruwan don ya koma daidai inda ya bar takalmansa. Nan ƙarfi ke ƙarewa. Ɗan Sarkawa ba ya haka. Yana barin ruwa ya tafi da shi, yana yankawa a karkace, ya fita can ƙasa ya dawo da ƙafa.

Isa sau biyu yake cika a shekara a Yamai, kuma wanda bai san wannan ba bai fara sanin kogin ba. Na farko jan ruwa ne, na Agusta da Satumba. Ruwan saman da ya sauka a Burkina Faso da yammacin ƙasarmu ne ke gangarowa ta Goruwal da Dargol da Sirba, ya kwaso jar ƙasa, ya iso cikin ƴan kwanaki, a fusace. Shi ne ya kai ma'aunin Yamai santimita 700 a Satumban 2020, alhali tun daga 620 hukuma ke shelar haɗari mafi girma, ya fasa katangar tare ruwa ta Lamorde ya shiga gidajen mutane. Na biyu baƙin ruwa ne, wanda ya sauka a Gini da damina amma ya yi watanni yana yawo cikin fadamun Masina a Mali, sai tsakanin Disamba da Fabrairu yake cika mana kogi, mai faɗi, mai sanyi. A waɗannan lokuta biyu ido kaɗai ya isa ya gargaɗi mutum.

Daga Maris ruwa ke fara ja da baya, ya kai ƙarshen ƙanƙancewa a Mayu da Yuni. A Yunin 1985 ma tsayawa ya yi cak a Yamai, manya na tunawa. Rairayi ya fito fili, tsibirai su bayyana, yaro ya taka ruwa iya gwiwa ya yi nisa. Wannan ne lokacin da kogi ya fi yaudara, kuma ya zo daidai da zafi. Ƙasan kogi ba a shimfiɗe yake kamar tabarma ba. Ruwan da ya rage yana matsewa ne cikin hanya mai zurfi, bakin wannan hanya kuwa a wasu wurare tsaye yake kamar gini: taku ɗaya iya ƙugu, taku na biyu babu ƙasa. Ga ramukan da masu ɗibar rairayi suka bari, ga waɗanda ruwa da kansa ya haƙa a gindin duwatsu da ƙafafun gada, inda yake juyawa yana ja ƙasa. Ga taru da mamari mai jerin ƙugiyoyi da masunta suka kafa, waɗanda ba a gani daga sama. Kuma cikar kowace shekara na sauya wa rairayi wuri. Wanda ya ce "ai na san wurin nan, bara nan muka yi wanka," wurin bara ya tafi da ruwan bara. Mai jefa taru kullum da asuba ne kaɗai ya san ƙasan bana.

Yanzu ɗora wasan samari a kan wannan ƙasa. A tudu, in ka ture abokinka ya faɗi, zai tashi ya kaɗe riga ya zage ka, shi ke nan. Turi iri ɗaya a bakin hanyar ruwa kisa ne. Wasannin kuma sanannu ne. A kama wanda aka san bai iya ruwa ba, a ɗauke shi cak a jefa, wai a haka ake koyo. A danna kan mutum ƙasa a ga daɗewarsa. A yi gasar ƙetarewa zuwa tsibiri, wanda ya ƙi a kira shi rago. A yi alkafura daga kan dutse cikin ruwan da ba a ganin ƙasansa, mutum ya daki rairayi da ka, wuya ya karye. Ba yau aka fara ba, mu ma mun ga irinsu muna yara. Abin da salula ta ƙara shi ne ƴan kallo. Yaron da a da abokai huɗu kaɗai za su ga bajintarsa, yanzu TikTok yake yi wa, kuma bidiyon da babu ihu a cikinsa ba ya tafiya. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fita ba.

Sai ƙwaya. Ba na son a mai da kowane saurayin bakin kogi ɗan ƙwaya, akasarinsu shayi ne kawai da kiɗa. Amma wanda ya haɗiyi tramol ya shiga ruwa, ya kamata abokansa su san abin da suke kallo. Ƙwayar na ɓoye gajiya, mutum ba ya jin jikinsa na ce masa ya isa sai ya ƙare sarai. In an sha da yawa kuma tana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ko ga wanda bai taɓa yi ba, kuma jijjiga a ruwa iya ƙugu ma ta isa. Giya kuwa tana rikita ma'aunin da ke cikin kunne, wanda ke gaya wa mutum ina ne sama ina ne ƙasa, har wanda ya nutse ya kasa gane inda zai nufa.

Akwai kuma iskancin da ba ya nutsar da kowa nan take amma yana korar mutanen kirki: bin ƴan mata cikin ruwa ana taɓa su da sunan cunkoso, ɗaukar hoton mace da jiƙaƙƙen zane ba da saninta ba a watsa a WhatsApp, kwashe salula da takalman masu wanka, faɗan fada da fada a kan wurin zama ko budurwa. Wannan ma a ƙarshe kan rai yake komawa. Duk wurin da iyaye mata da dattawa suka daina zuwa ya rasa masu sa ido. Yarinyar da aka matsa wa takan ja da baya ne, baya kuwa a cikin kogi zurfi ne. Watsa irin wannan hoto laifi ne ƙarƙashin dokar 2019 ta yaƙi da laifukan intanet. Wanda kuma ya ture mutum ruwa ya mutu, gaban alƙali zai tsaya a kan kisa, ko ya rantse da Alƙur'ani wasa ake.

Hayaniyar kanta haɗari ce, ko babu turi babu ƙwaya, kuma wannan ne abin da na fi son mai karatu ya riƙe. Mun ɗauka mai nutsewa zai yi kururuwa yana ɗaga hannu. Wanda ruwa ke ci da gaske ba ya iya ko ɗaya. Bakinsa na fitowa ne daidai jan numfashi ya koma, babu iskar da zai yi magana da ita. Hannuwansa na dukan ruwa a gefe kamar mai son ya dafa ruwan ya hau, kansa a ɗage, idanu a buɗe ba sa kallon kowa. Sakan 20 zuwa 60 yake yi a haka, sai ya ɓace. A wurin da mutum hamsin ke ihun ƙarya, ana kiran "ku cece ni" don a yi dariya, akwatin kiɗa na tashi, wa zai lura da wanda ya yi shiru? Sai an tashi tafiya a ga takalmi da riga babu mai su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a 2021, fiye da rabi ba su kai shekara 30 ba, kuma in an auna da yawan jama'a Afirka ce kan gaba.

To me mutum zai yi in ya tsinci kansa tsakiyar irin waɗannan yara? Abin da na koya wurin dattijon nan shi ne ba a shari'a a kan ruwa. In kana cikin jirgi wani ya fara girgiza shi, kada ka miƙe don ka riƙe shi, mutum biyu masu kokawa sun fi mutum ɗaya mai rawa kifar da jirgi. Ka zauna, ka sa na kusa da kai su zauna tsakiya su yi ƙasa-ƙasa, ka bar mai rawa ka yi magana da mai jirgi: "Baba, a kai mu gaɓa." In mutum uku huɗu suka faɗi haka tare, mai jirgi ya samu inda zai jingina. Masu jirgi da yawa suna yin shiru ne don suna ganin su kaɗai ne, kuɗin kuma daga hannun masu rawa ya fito. In cikin ruwa kake aka fara ture-ture, fita tukuna, ka taka busasshiyar ƙasa, sannan ka yi magana in za ka yi.

Akwai kuma yadda ake yi wa saurayi magana gaban abokansa. In ka ce masa ɗan iska a bainar jama'a ka ɗaure shi, don yanzu in ya zauna ya faɗi ke nan. Kowace fada na da babba ko ba a naɗa shi ba. Duba wanda sauran ke kallo kafin su yi dariya, ko wanda ake fara miƙa wa shayi. Ja shi gefe: "Ɗan'uwa, yaran nan ba su iya ruwa ba, don Allah ka yi wa mutanenka magana." Ka ba shi girmansa, sau da yawa zai so ya nuna ya isa. Amma wanda idonsa ya juye, harshe ya yi nauyi, ko ka hangi ƙarfe a ƙugunsa, wannan ya wuce nasiha. Tattara iyalinka ka matsa wajen masunta ko masu lambu ko masu wanki, inda ƴan wurin suke, ka kira ƴan sanda a 17. Wanda ke riƙe da hannun yaro ba abin kunya ba ne ya bar wuri. Ƴan mata kuma a je cikin ayari, a dawo cikin ayari kafin duhu, in wani ya matso cikin ruwa a nufi gaɓa ana ɗaga murya, kada kunya ta sa a ja baya.

In abin ya faru, an ga mutum na nutsewa, a nan ne ake yin gawa biyu maimakon ɗaya. Zuciya na cewa faɗa ka ɗauko shi. Mai nutsewa kuwa ba ya gane ɗan'uwa, duk abin da hannunsa ya kama hawa yake ya danna ƙasa, ko da uwarsa ce. Miƙa masa gora, ko rawani, ko zanen da aka murɗe, kai kana kwance ko wani na riƙe da kai. Jefa masa abin da ba ya nutsewa. Bidon lita 20 da babu komai ciki, a rufe da marfinsa, yana ɗaukar nauyin kusan kilo 20 a ruwa, ya isa ya riƙe kan babban mutum a sama, kuma babu bakin kogin da za a rasa bido a Yamai. Ƙwala wa mai jirgi mafi kusa kira. Wani ya kira pompiye, wato ƴan kwana-kwana masu ceto, a 18 tun a lokacin, ya faɗi wurin da sunan da aka san shi da shi. Wani kuma ya tsaya ya kafa ido daidai inda mutumin ya ɓace, ya yi alama da itace ko dutsen ƙetare, don da zarar kowa ya ruɗe babu mai iya nuna wurin kuma.

In an fito da shi ba ya numfashi, don Allah a bar al'adar nan ta juya mutum ƙafa sama kai ƙasa, ko a hau cikinsa ana matsawa wai ruwa ya fito. Abin da ke fitowa na tumbi ne, kuma yana iya komawa huhu. Iska ce ya rasa, ƙwaƙwalwa kuma na fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 babu ita. A kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗaga haɓarsa, a toshe hanci a hura masa iska baki da baki sau 5, sannan a danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi sau 30, a hura sau 2, a ci gaba haka ba tsayawa har ya motsa ko masu ceto su iso. In ya farfaɗo a kwantar da shi ta gefe, kuma a kai shi likita ko ya ce ya warke, domin ruwan da ya taɓa huhu kan tayar da numfashi bayan awoyi. Ƙungiyar Croix-Rouge ta Nijar na koyar da wannan, hannu da hannu, kuma gani ya fi karantawa nesa ba kusa ba.

Ban manta da dorina ba. A Nuwamban 2014, kusa da Libore, nan ƙofar Yamai, dorina ta kifar da jirgi, mutum 13 suka rasu, 12 ƴan lakwal. Waɗannan yara ba wasa suke ba, Allah ya jiƙansu. Na kawo su ne don a san dabbar nan maƙwabciyarmu ce, ba sai an je Ayoru, garin da aka sani da dorina, ba. Nauyinta kan kai tan 1 da rabi, tana iya minti 5 ƙarƙashin ruwa ba a gan ta ba, kuma da bazara ita ma gurbi mai zurfi take nema, wato irin wurin da samari ke son alkafura. Mai ɗa ba ta son a matso. Amma za ka ji ana matsa wa mai jirgi, "Kai mu kusa mu ɗauka, za mu ƙara maka jika." Wasu har jifa suke don ta buɗe baki. Mai jirgin da ya ce a'a a nan shi ya cancanci ƙarin jikar.

Da, kogi na da masu shi. Sarkawa, waɗanda Zabarmawa ke kira Sorko, su ke faɗin inda ake shiga da inda ba a shiga, kuma ana ji. Tsofaffin Zabarmawa kan ce ruwan na Harakoy Dikko ne, aljanar ruwa a al'adarsu ta gargajiya. Ni wannan ba aƙidata ba ce, amma na lura tsoron da aka sa wa yara na wasu gurabe ya tsare rayuka, don mai hana su ya san zurfin wurin. A Argungu har yau ba a faɗa wa ruwan gasar kamun kifi sai sarkin ruwa ya ba da izini. Yamai ta girma ta bar wannan tsari a baya. Gadar Kennedy a 1970, ta biyu a 2011, ta Seyni Kountché a 2021, kowace alheri ce, kowace kuma ta rage buƙatar mai fito, ta rage masa daraja a idon ɗan birni. Yau ana ganinsa kamar ɗan kabu-kabu: na biya ka, kai ni. Hukuma na da pompiye da jandarmomin ruwa, kuma suna ƙoƙari, amma sai an kira su suke tasowa, mai nutsewa kuwa minti ɗaya gare shi.

Duk sanda aka yi rashi za ka ji ana cewa a hana wankan kogi gaba ɗaya. Na san zafin da ke sa a faɗi haka, amma ban yarda ba. Gaɓa biyu ce, kowace kilomita da yawa, ba a iya jera jami'ai a kansu. Zafin da ya koro yaro daga ɗaki yana nan. Abin da hani zai yi shi ne ya kore shi daga inda masunta da masu wanki ke ganinsa, ya tura shi lungun da ba kowa, in abokinsa ya nutse sauran su gudu su yi shiru don tsoron kamu. Na fi son ma'aikatar magajin gari ta zaɓi wurare kaɗan, Sarkawa su taka su da gora kowace shekara bayan ruwa ya ja, a kewaye iyakar da igiyar da aka ɗaura wa bido, a ɗauki samarin Sarkawa aikin tsaro daga Maris zuwa Yuni, jirgi a kusa, usur a baki. Igiya da bido da usur ba za su karya baitulmali ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli tun 2021 don yaƙi da nutsewa, amma a wurinmu ranar na zuwa ne damina ta riga ta sauka, an gama wankan bazara. Namu gargaɗin a Maris ya kamata ya tashi, a huɗubar Juma'a, a lakwal, a rediyo da Hausa da Zabarmanci.

Fada kuwa ba sai ta jira kowa ba. In kun tafi ku goma sha biyu, ku ƙirga kanku kafin shiga, ku ƙirga bayan fita. Mutum ɗaya ya zauna a tudu, aikinsa kallon ruwa kawai, babu salula a hannu, a riƙa karɓa-karɓa kamar yadda ake karɓar fifita gawayin shayi. Wanda ya sha wani abu ranar ba ya taka ruwa. Wanda bai iya iyo ba a bar shi ya faɗa ba tare da an yi masa dariya ba, dariyar ce ke tura shi zurfi. A kuma riƙa tambayar rigar ceto kafin a shiga jirgi, musamman domin yara. In fasinja suka dinga tambaya, masu jirgi za su saya.

Abu guda na masu jirgi ne su kaɗai, kuma ba ya cin ko dala. Yadda tashar mota ke da babba, haka mashigar jirgi ke da wanda ake jin maganarsa. Su haɗa baki: wanda wani mai jirgi ya sauke saboda rashin ji, babu mai ɗaukarsa ranar, daga Gudel har Saga, kuɗin da ya biya kuma ba a mayarwa. Duk suna da salula, duk sun san juna. Da akwai wannan magana ranar Lahadin nan, da samarin nan biyar da ƙafa za su koma gida ɗauke da akwatin kiɗansu, dattijo kuma da kuɗin mutum biyar a aljihu.